Babi na Biyar: Caji Ɗaya Zai Kai Ni Sokode In Dawo?

Duk wanda ya ga keken lantarki a karon farko, da zarar ya ji kuɗinsa, tambayar da ke biyowa ita ce: "To, in an cika masa caji, ina zai kai ni?" A Tchamba, a ƙasar Togo, wannan tambaya tana da ma'auninta. Sokode na yamma, kimanin kilomita 35, kuma can ne babbar kasuwa da asibitin yanki da ofisoshin gwamnati suke. Zuwa da dawowa kilomita 70 ke nan. Mai babur bai damu da wannan lissafi ba, domin in mai ya yi ƙasa, tsayawa zai yi a bakin hanya a juye masa kwalba ɗaya ya wuce. Mai keken lantarki kuwa, in batir ya mutu a tsakiyar hanya, ya koma tuƙa ƙarfen da ya haura kilo 20 da ƙafafunsa, ga rana.

Shi ya sa tambaya ta biyu ba ta daɗewa: ana iya ƙara masa wani batir? Ana iyawa. Sai dai hanyoyin ƙarin sun sha bamban, wata tsada gare ta, wata nauyi, wata kuma tana iya cinye ɗaki da wuta. Kafin mu je gare su, bari mu san abin da ake son ƙarawa.

Abin da aka rubuta a jikin batir

Ciro batirin daga jikin keken, ka juya bayansa. Za ka ga 'yar takarda a manne, da ƙananan rubutu da alamomin gargaɗi. Lambobi uku ne namu a ciki. Mai harafin V tana faɗin ƙarfin turin wutar, wato bolt, kuma a yawancin kekuna 36 ce, a wasu 48. Mai Ah tana faɗin yawan wutar da batirin zai iya bayarwa kafin ya ƙare. Ta uku, Wh, ana samunta ne in an ninka ta farko da ta biyu, kuma ita ce guzurin tafiyar baki ɗaya. Batir mai 36V da 14Ah yana ɗauke da Wh 504.

Masu sayarwa sun fi son ambaton Ah, saboda ita mai saye ya saba ji a wajen batirin mota da na sola. Amma ita kaɗai tana ruɗi. Batir mai 48V da 10Ah yana da Wh 480, mai 36V da 12Ah yana da 432. Ka ga "mai goma" ya fi "mai sha biyu" guzuri. Kekunan hawan dutse da ake ƙerawa don kasuwar Turai, masu injin Bosch ko Shimano ko Yamaha, yawancinsu suna zuwa da batir tsakanin Wh 400 da 750.

Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, wannan lamba ta ranar da batirin ya fito daga masana'anta ce. Batirin litiyam yana tsufa ta hanya biyu: da yawan caji, da kuma shekaru ko da a ajiye yake ba a taɓa shi. Keken gwanjo da ya yi shekara biyar yana aiki a Jamus, sannan ya kwana makonni a cikin kwantena kafin a sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Lome, kar ka yi mamaki in 500 ɗinsa ta koma 350. Fentin jikinsa na iya ƙyalli, ƙwayoyin ciki sun gaji.

Nawa keken ke ci a kilomita?

Babu amsa ɗaya, amma akwai iyaka. Mutum mara nauyi, a kan kwalta shimfiɗaɗɗiya, yana taka feda da gaske kuma ya sa taimakon inji a mataki na ƙasa, zai iya tafiya da Wh 5 zuwa 7 a kilomita. Mai jiki, a kan yashi ko hawa, ya sa mataki na ƙarshe, zai ci 20 ko fiye. Tafiyar yau da kullum tana faɗawa wajen 10.

Yanzu mu ɗora wannan a kan hanyar Sokode. Da sabon batir mai Wh 500, a kan 10, za ka yi kilomita 50: ka je, ka juyo, ya mutu saura 20 ka isa gida. A kan 7 za ka yi 71, wato da ƙyar ka shigo gari. Da gajiyayyen batir mai 350 kuwa, a kan 10, Sokode kawai zai kai ka.

Kowa zai iya gano cin kekensa ba tare da wata na'ura ba. Cika batirin, ka yi tafiyar da ka san tsawonta, a ce kilomita 20, irin tuƙin da ka saba. Ka dawo ka sa caji, ka duba agogo. A bayan caja an rubuta yawan amfiyar da take bayarwa, 2A ko 4A. In mai 2A ce kuma ta ɗauki awa uku kafin ta cika, ta mayar da kusan 6Ah, wanda a batir mai 36V ya kama Wh 216. Raba da 20, ka sami kusan 11. Lissafin ba na awon zinariya ba ne, domin caja kan rage gudu idan ta kusa cikawa, amma ya ishe ka ka san matsayinka. Kuma ya fi duk abin da mai shago zai rantse maka da shi.

Tudu, iska da buhu

Ina wutar ke tafiya? Wanda ya gane wannan, sau da yawa zai iske ba ya ma bukatar sayen komai.

Na farko hawa. Ɗaga kilo 100, wato mutum da kekensa da ɗan kaya, zuwa tsayin mita 100 a tsaye yana cin Wh 27. Wannan ƙa'idar halitta ce, babu kamfanin da zai rage ta. In inji ne ya yi aikin shi kaɗai, sai ka ƙara abin da ke salwanta ya zama zafi, ya kai wajen 35. Ɗora buhu mai kilo 50 a baya, hawan nan ya koma cin sama da 50. Wanda ya bar Sokode ya nufi arewa, ta wajen dutsen Aledjo da aka tsaga hanya ta cikinsa kafin a kai Bafilo, ko ya yi yamma ta tsaunukan Malfakassa zuwa Bassar, zai ga fitilun batir suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a tazarar da bai zata ba. Kuma kar ya sa rai gangara za ta biya shi. Injin da ke tsakiyar keke, wajen feda, ba ya mayar da wuta cikin batir idan ana gangarowa. Wasu injinan da ke cikin cibiyar taya suna mayarwa, amma kaɗan ne.

Na biyu iska, wadda mutane suka fi rainawa domin ba a ganinta. Turjiyarta ba ta hawa daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, ita ta ninku sau huɗu. Daga kilomita 20 a awa zuwa 25 kawai, abin da iska ke ci a kowace kilomita ya ƙaru da fiye da rabi. A kan kilomita 35, bambancin lokacin bai wuce minti 21 ba. Sannan ga hunturu. Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai zuwa Sokode daga Tchamba da safe tana tura shi, ya isa da batir kusan dam yana murna, a hanyar dawowa kuma ta tare shi gaba da gaba. Babbar riga da ta cika da iska ita ma tana da nata kason.

Na uku taya da giya. Tayar hawan dutse mai manyan haƙora an yi ta ne don laka da tsakuwa. A kan kwalta jan ƙafa take yi, musamman in iskarta ta yi ƙasa. Famfo a wajen mai faci ya fi kowane gyara araha. Giya kuwa, yawancin waɗanda suka saba da keken gargajiya suna barinta a mai nauyi, suna taka feda a hankali, suna jin daɗin yadda inji ke ja. Injin tsakiya ba ya son haka. Ya fi tsimin wuta idan ƙafa na juyawa kamar sau 70 zuwa 80 a minti, a giya mai sauƙi. In ka tashi daga tsaye a giya mai nauyi, kana shayar da batirinka ga zafi ne.

Batirin ƙari na kamfani

Kamfanoni sun san da wannan ƙorafi, shi ya sa suka fito da ƙaramin batir mai siffar gorar ruwa, wanda ake ɗaurawa a jikin firam, a soka wayarsa a ramin caji. Na Bosch sunansa PowerMore 250, yana ɗauke da Wh 250, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi. Specialized na da mai Wh 160 don kekunansa marasa nauyi irin Turbo Levo SL, wanda batirin cikinsa 320 ne. Aikinsu tsaf yake: kwamfutar keken ta san da zuwansa, ita ke raba yadda za a sha wuta daga nan da can.

Matsalar ita ce kowanne da gidansa. Batir da inji a waɗannan kekuna suna gaisawa ta wata siririyar waya kafin wuta ta wuce, in ba su gane juna ba inji ba zai motsa ba. Na Specialized ba ya aiki a Bosch. Ko a cikin Bosch ɗin ma, PowerMore na sabon tsarinsu ne wanda ya fara fitowa a 2021, tsofaffin injina ba su san shi ba, alhali su ne suka fi yawa a kayan gwanjo.

Sai batun kawowa. Gidaje da yawa a Sokode suna da ɗa ko ƙane a Jamus ko Faransa, kuma abu na farko da zai zo wa mutum shi ne, "Bari in ce wa yaya ya sako mini a jaka in zai zo hutu." Ba zai wuce filin jirgi da shi ba. Ƙa'idar jiragen fasinja ita ce batirin litiyam da bai wuce Wh 100 ba ana shiga da shi a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, abin da ya haura 160 kuwa ba ya shiga kayan fasinja ko kaɗan. Mai 250 ko 500 sai ta jirgin ruwa ko ta masu dakon kaya na musamman.

"Ja da ja, baƙi da baƙi"

A nan ne mutum kan nufi rumfar mai gyaran lantarki, musamman in kekensa na haɗi ne, irin wanda aka sa wa injin ƙasar Sin kamar Bafang. Waɗannan yawancinsu ba sa tambayar asalin batir, in bolt ya yi daidai za su karɓa. Sai mai gyara ya duba ya ce, "Maigida, wannan ai ba wani aiki ba ne. A samo wani batir, ja da ja, baƙi da baƙi, shi ke nan."

Ka ɗauki randa biyu a ajiye ƙasa ɗaya, ɗaya cike, ɗaya saura kaɗan, ka haɗa gindinsu da faffaɗan bututu. Ruwa ba zai jira mai ɗiba ba, da ƙarfi zai kwarara daga cikakkiyar zuwa ɗayar har sai sun daidaita. Haka batura biyu suke yi. Batirin da ake kira 36V, idan ya cika 42 yake nunawa a mita, idan ya kusa ƙarewa ya sauko wajen 31. Haɗa cikakke da wanda ya sauka, tazarar sama da bolt goma ke nan, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai gajeriyar waya. Wutar da za ta ruga tana iya kai gomman amfiya, a cikin batirin da aka tsara a riƙa ba shi 2 ko 4. Abin da ake gani a waje tartsatsi ne da filogi ya yi baƙi. Abin da ya sami ƙwayoyin ciki ba a ganinsa ranar.

Ana iya yin haɗin da kyau, amma da sharuɗɗa. Dole bolt ɗin biyun ya zama ɗaya, 36 da 36, ba 36 da 48 ba. Dole sinadarinsu ya zama iri ɗaya, domin akwai litiyam mai ƙwayar bolt 3.2 da mai 3.6, kuma ba sa cika ko sauka tare. Kowanne da fis ɗinsa, kowanne da allonsa mai tsaro wanda masu gyara ke kira BMS. A tsakani kuma a sa na'urar haɗi mai dayod, wadda ke barin wuta ta fita zuwa inji amma ta hana ta komawa cikin ɗan'uwa. Caji kuma kowanne daban. Mai gyaran da bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a yi masa godiya a ɗauke keke.

Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne batirin da aka harhaɗa a rumfa. In ka buɗe batir mai 36V da 14Ah na kamfani, za ka tarar da ƙwayoyi 40, kowace faɗin milimita 18 da tsawon 65, an jera su rukuni goma, huɗu-huɗu, duk iri ɗaya, an liƙa su da siraran ƙarafa ta walda mai ɗigo wadda ba ta dumama ƙwaya. In ka buɗe na rumfa, sai ka ga launi-launi: kore, shuɗi, ruwan hoda, an ciro su daga matattun baturan laftof, kowace da shekarunta da gajiyarta, an narka musu dalma a ka da ƙarfe mai zafi, an naɗe da salatif. Rukunin da ya fi rauni shi ke fara cika, shi ke fara ƙarewa, kullum a kan gaɓa yake. Ga girgizar hanyar burji tana cin salatif ɗin a hankali har ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Wasu kuma sukan koma ga batirin dalma, irin mai 12V da 12Ah, su jera uku su sami 36. A injin haɗi zai yi aiki, kuma ba shi da saurin kama wuta. Sai dai ukun sun haura kilo goma, alhali na litiyam mai Wh 500 wajen kilo uku ne, kuma na dalma ba ya ba da duk abin da aka rubuta masa idan ana jansa da ƙarfi. Wani ɓangare na abin da ya ƙara, ɗaukar kansa zai cinye a hawa.

Batir na biyu, ko caja a jaka

In da ni za a tambaya, hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce wadda ba ta da wata dabara: batir na biyu irin na farko sak, a ɗauke shi daban, in wancan ya ƙare a tsaya a gindin bishiya a musanya. Ba su taɓa haɗuwa da waya ba, balle ɗaya ya afka wa ɗaya. Wannan tsari ne kamfanin Spiro, wanda ya fara da sunan M Auto a Togo da Benin a 2022, ya gina kasuwancin baburansa na lantarki a kai: ɗan acaɓa ba ya zaman jiran caji, ya ajiye wanda ya ƙare a tasha ya ɗauki cikakke. Mai gona a can cikin daji ta wajen Kambole, inda babu soket, wannan hanya ce tasa. Ya naɗe batirin da tsumma mai kauri, ya ɗaure shi tamau yadda ba zai riƙa dukan ƙarfe ba, ya rufe bakin da wuta ke fita don kada makulli ko tsabar kuɗi su taɓa shi, da damina kuma ya sa a leda.

Amma mai zuwa Sokode yana da abin da ya fi wannan sauƙi, kuma ya riga ya mallake shi. Caja mai 4A ba ta kai kilo ɗaya ba. Tana kai batir mai Wh 500 rabi a cikin kamar awa biyu, ta cika shi a awa huɗu da rabi. Wa ke zuwa Sokode ya juyo a ƙasa da awa biyu? Kafin ka gama da kasuwa, ka yi azahar, ka ci abinci, an mayar maka da Wh 250, daidai da abin da PowerMore zai ba ka. Wutar da za a sha daga layin kamfanin lantarki na CEET ba ta kai kilowat-awa ɗaya ba ko da cikawa aka yi daga ƙasa. Abin da ake bukata shi ne shagon wanda aka sani, a nemi izini, a ba shi ɗan abin mita, kuma a ajiye batirin inda ido ke kai. Mai caja 2A zai sami rabin haka a wannan lokaci, wanda shi ma yakan isa ya cike giɓin kilomita 20 ɗin nan in an dawo a hankali.

Zafi

Duk batirin da ka ƙara, ka ƙara abin da za ka tsare daga rana. Masu ƙera batura suna sa iyakar caji a tsakanin digiri 40 da 45, alhali a Dapaong, can arewacin Togo, cikin Maris da Afrilu, iskar gari kanta takan kai 40 a inuwa. Baƙin batirin da ya wuni a rana, ko ɗakin kwano da la'asar, sun wuce nan. A bar shi ya huce kafin a soka caja. In za a ajiye shi makonni, a bar shi da kamar rabin caji, a wuri mai sanyi.

Gobarar litiyam ba irin ta kara ba ce. In ƙwaya ɗaya ta kama, zafinta ke kunna ta kusa da ita, hayaƙin guba ne, kuma bokitin ruwa ba ya tsayar da ita. A birnin New York na Amurka, mutum 18 suka mutu a irin wannan gobara a 2023, kuma a shekarar ce birnin ya hana sayar da kekuna da baturan da ba su da shaidar gwajin tsaro na UL. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafi alhali ba a aiki da shi, a fitar da shi fili nesa da zana da danga. Caji kuma kar a yi shi a bakin ƙofar ɗakin kwana, kar a yi a kan katifa ko tabarma, kar a sa a kwanta barci.

Har Dapaong fa?

Daga Sokode zuwa Dapaong kusan kilomita 300 ne a kan babbar hanya ta ɗaya. A kan Wh 10, ana bukatar wajen 3,000, wato batura shida masu 500, kusan kilo 18, kafin a sa hawan Aledjo da na Defale a lissafi. Babu mai hankalin da zai ɗauki wannan. Tafiyar ta zango-zango ce: Bafilo, Kara, Kante, sai Mango, tsohon masaukin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, sannan Dapaong. Batir biyu da caja sun isa, in an lura cewa tsakanin Kante da Mango ya haura kilomita 80, kuma an kwana inda akwai wuta.

Sai dai "inda akwai wuta" ba ko'ina ba ne. Togo ta buɗe tashar sola mai megawat 50 a Blitta, kudu da Sokode, a 2021, kuma shirin CIZO ya kai ƙananan na'urorin sola gidajen karkara tun 2017, amma wanda ya taɓa gwada soka cajar keke a irin na'urar da aka yi don fitila da waya ya san ba ta ɗauka. Faranti nawa ake bukata don cika batir mai Wh 500 a wuni ɗaya, me ake sawa tsakaninsa da batirin, kuma nawa ƙurar hunturu ke ragewa? Da wannan babi na shida zai fara.